Neman shawara: ta ina zan ɗauko wa amfilifaya sauti ba tare da na cire rediyon motar ba?

Mai EOD, Hotoro:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin wayarin mota ku taimaka min, kwana huɗu ke nan hankalina ba a kwance yake ba.

Motata Honda Accord ce 2005, wadda muke ce wa EOD, 'yar Amurka. Asalinta ta yayana ce, ya hau ta shekara shida, da aiki ya mai da shi Abuja ya bar min ita a kan in riƙa biyansa a hankali, kuma har yau ban gama biya ba. Na faɗi haka ne don ku san ba motar da zan yi wa ganganci ba ce. A Zariya nake aiki, iyalina suna nan Kano. Duk Juma'a da yamma ina hanya, duk Litinin bayan asuba ina hanya. Wanda ya saba bin titin nan ya san daga ka wuce Kura ka doshi Kwanar Dangora kai kaɗai a mota, barci ne abokin gaba. Abin da ke riƙe ni shi ne karatu da tafsiri da 'yan waƙoƙin da. To sautin motar ya yi rauni, da ka sauke gilas ko tirela ta wuce ka, shi ke nan ba ka jin komai. Na daɗe ina son gyarawa. Da na ɗauki adashi watan jiya sai na shiga Sabon Gari, wajen France Road, na sayi amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da wufa, babbar sifikar nan ta bes, inci 12 a akwatinta da wayoyinta.

Sai da na zo gida na gane amfilifayar tana karɓar sauti ne ta wayar nan mai kai ja da fari, RCA, rediyon motar kuwa ba shi da wurin soka ta. Kuma ba zan iya cire rediyon in sa wani ba, domin a EOD rediyo da maɓallan esi a haɗe suke, fuska ɗaya ce.

Ƙanin matata yana koyon wayarin, shi ya ce zai yi min. Ya jawo wuta daga batir, sannan ya yanke kan wayar ja da farin ya murɗa ta da wayoyin sifikun baya a cikin but. Kwana biyun farko ta buga sosai. Daga nan sai wani kuka siriri ya fara, idan na taka totur ya ƙaru, idan na saki ya ragu. Yanzu kuma sifikar baya ta hagu tana kakkarewa, fuskar rediyon tana zafi, sautin yakan ɗauke gaba ɗaya sai can ya dawo. Yau da safe mota ta ƙi tashi sai da maƙwabcina ya jona min da batirinsa.

Tambayata, ta ina ya kamata a ɗauko sautin? Kuma shin rediyon ya riga ya lalace ne?

Direban Gwarzo:
Wa alaikumus salam. Allah ya sawwaƙe. Wace irin amfilifaya ce? Turo hotonta gaba da baya.

Injiniya:
Kafin hoto, kafin komai, tashi ka je but ɗin nan ka warware wannan wayar da aka murɗa. Yanzu nake nufi, ba anjima ba. Ka naɗe kowace waya da salatif daban.

Bari in gaya maka abin da yaron nan ya yi maka. Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki, kuma wannan kuskuren kullum shi ne. Mutane sun ɗauka wayar sifika kamar ta fitila ce, ɗaya wuta ɗaya at, wato wadda ke komawa ƙarfen mota. A rediyon mota ba haka ba ne. Duka biyun masu rai ne, ɗaya tana turawa ɗaya tana ja. Kunna rediyo ka sa mita tsakanin kowace ɗaya da ƙarfen mota, za ka ga wajen bolt 6 a kowacce, har wadda ake kira nagetif ɗin. Ita kuwa RCA, zoben nan na waje a yawancin amfilifaya yana komawa at ne. Ka ga ke nan da ya murɗa su, ya ɗauki rabin ƙarfin rediyonka ya tura shi jikin mota. Shi ya sa aisin da ke cikin rediyon, wato ɗan guntun IC da ke ba sifiku ƙarfi, yake zafi, yana ɗaukewa don ya kare kansa, idan ya huce ya dawo. Wata rana zai ɗauke bai dawo ba. Kuma a EOD kai da bakinka ka faɗa, ba rediyo kaɗai za ka nema ba, fuskar gaba ɗaya ce har da esi.

Na biyu, ƙofar RCA an yi ta ne don ƙaramin sigina, daga ƙasa da bolt 1 zuwa kamar 4 ko 5. Wayar sifika idan ka ƙure murya tana wuce haka. Ko da bai ƙona komai ba, sautin da za ka ji fasasshe ne.

Hanya biyu ce kawai. Duba gefen amfilifayar. Idan akwai wani ɗan soket, yawanci fari, an rubuta HI INPUT ko HIGH LEVEL a kusa da shi, to an yi shi ne musamman don wayar sifika, can za a kai, ba sai ka sayi komai ba. Idan babu, ka sayi kwanbata, abin da 'yan kasuwa ke ce wa hai-lo. Ɗan akwati ne bai kai tafin hannu ba, wayoyin sifika huɗu su shiga ta nan, RCA ta fita ta can. Shi ke nan.

Mai EOD, Hotoro:
Na gode Injiniya. Amma gaskiya yaron ba sakarai ba ne, shekararsa biyu a gareji, kuma ya ce ya sha yin haka a motoci ba a samu matsala ba. Ni ma shaida ne kwana biyu ta yi tana bugawa lafiya. Ba zai yiwu amfilifayar ce mai matsala ba? Don mai shagon bai gwada min ita ba.

Injiniya:
Wanda ya sha tsallaka titi ido rufe bai mutu ba, ba shi ke nuna hanyar daidai ce ba. Akwai amfilifayar da zoben RCA ɗinta ba ya taɓa at kai tsaye, a kan irin su ya yi ta tsira. Taka ta nuna maka ba irin su ba ce. Ka cire wayar?

Ɗan Kurna:
Ni dai a ganina duk wannan wahala ce. Cire fuskar gaba ɗaya ka sa allon Android. Akwai wanda aka yi wa EOD musamman, ana sarrafa esi ta jikinsa, yana da RCA ɗinsa, yana da wayar kunna amfilifaya, ga Bluetooth ga kyamarar baya. 2005 fa, malam. Rediyon nan ya yi shekarunsa.

Maman Biyu:
Don Allah kar ka bi wannan shawarar ido rufe. Mu aka sa wa allon nan a motar maigidana. Wata uku lafiya lau, ana shiga zafin Afrilu allon ya fara daskarewa, idan ya daskare kuma esi ma ba ya taɓuwa. Ranar da muka dawo daga biki a Wudil da yara a baya, iska mai zafi yake hurowa ba halin kashewa. Muka koma wurin wanda ya sa, ya ce ai ba garanti a kayan wuta. Tsohuwar fuskar kuma da muka bar masa wai ya ajiye, ya ce bai san inda take ba. Har yau maganar tana ci min rai, domin da kuɗin sana'ata aka saya.

Ɗan Kurna:
Hajiya ai kaya suna suka tara. Kun sayi mai araha ne. Nawa shekara biyu ke nan.

Maman Biyu:
Ba mai araha ba ne, kar ka faɗi abin da ba ka sani ba.

Mai EOD, Hotoro:
Allo ba ya cikin lissafina. Na ce motar ba ta gama zama tawa ba. Idan yaya ya zo hutun sallah ya ga an farke masa dashbod, ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Direban Gwarzo:
Akwai masu barin fuskar yadda take su sa ƙaramin rediyo a aljihun nan na ƙasa, esi na nan a wurinsa, sauti kuma ya koma sabon. Na gani a EOD da yawa. Amma har yanzu ba ka turo hoton amfilifayar ba.

Mai Golf 3:
Ni ba maganar sauti ce ta dame ni ba. Wayar da aka jawo daga batir, akwai fis a kanta? A ina aka sa shi? Ina tambaya ne don abin da ya same ni. Wani ya yi min irin wannan aikin, ya zura wayar ta wani rami a ƙarfen da ke tsakanin inji da cikin mota ba tare da roba ba, fis ɗin kuma ya kai shi can but kusa da amfilifaya. A hankali ƙarfe ya ci rigar wayar. Ina cikin cunkoso wajen Kabuga na ji ƙauri, kafin in fita hayaƙi ya cika mota. Masu shaguna ne suka taimake ni da ƙasa da ruwan leda. Kafet da kujerar gaba da rabin wayarin duk suka tafi. Da na je masa sai cewa ya yi ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma shi ko sannu ta kirki bai yi min ba, wata huɗu ina hawa adaidaita.

Injiniya:
Mai Golf ya yi gaskiya a nan. Fis ɗin babbar waya ba amfilifaya yake karewa ba, motar yake karewa. Kusa da batir ake sa shi, kar ya wuce kamar inci 18. Kuma wayoyin da ake haɗowa a kwali ɗin nan, da yawansu roba ce mai kauri, cikin alminiyam ne aka shafa masa ruwan tagulla. Kankare bakin da wuƙa, in ka ga fari to shi ne.

Tunda an zo nan bari in ƙarasa maka. Mutuwar batir ɗinka ba aljani ba ne. A jikin amfilifaya akwai wani ƙaramin wuri tsakanin wuta da at, an rubuta REM. Shi ne makunninta, idan ya samu bolt 12 ta tashi, idan ya rasa ta kwanta. Rediyon kasuwa yana da wayarsa, shuɗiya mai ratsin fari. Naka na kamfani babu. Na tabbata yaron ya ɗauki guntuwar waya ya haɗa REM da babbar wayar batir. Wato tun ranar da aka sa ta ba ta taɓa kwanciya ba, dare da rana tana shan batir. Je ka duba, makulli na aljihunka za ka ga fitilarta a kunne. A jawo siririyar waya daga soket ɗin caja na gaba, wanda ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, a sa mata ƙaramin fis.

Kukan da ke bin totur kuwa na altaneta ne. Idan an cire wancan haɗin ya ragu, to. Idan bai tafi ba, duba inda aka ɗaura at ɗin amfilifayar. Gajeriyar waya, kaurinta ɗaya da ta wuta, a kankare fenti har sai ƙarfe ya fito fes, a ɗaure da noti. Ba a jikin ƙarfen sifika ba, ba a murfin but ba.

Mai EOD, Hotoro:
Na leƙa, fitilar tana kunne kamar yadda ka ce. Fis akwai, ban dai lura da inda yake ba. Amma wannan ai mantuwa ce kowa zai iya yi, da magariba ya ƙarasa aikin da fitilar waya.

Malam na Gadon Ƙaya:
Ɗana, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ka ce tafsiri da karatu kake ji. Wufa inci 12 ba ta ƙara wa muryar mai karatu komai, gurnani kawai take yi. Mu a layinmu akwai yaron da ke dawowa sha biyun dare, tun daga bakin titi tagogi ke rawa, ga tsohuwa marar lafiya a gidana. Na yi magana da mahaifinsa har sau uku, na kai wa mai unguwa, ba abin da ya sauya. Ban ce kai haka kake ba. Amma in don ka ji magana sosai ne, sifikun ƙofa ya kamata ka canza.

Mai EOD, Hotoro:
Allah ya ba Baba lafiya, Malam. Wallahi ni ba na kunnawa a unguwa. Kuma an riga an saya, mai shago ba zai karɓa ba.

Ɗalibin Lantarki:
Da izinin manya. Abin da Malam ya faɗa gaskiya ne ta fuskar ilimi ma, wufa yawanci daga 80Hz zuwa ƙasa ake ba ta, wato sauti mai kauri kawai, fahimtar magana kuwa can sama take. Amma tunda an saya, ina da ƙari kan maganar Injiniya. Hai-lo iri biyu ne. Akwai marar wuta, mai 'yan taransifoma a ciki, shi ne mai araha, kuma yana da amfani ɗaya babba, yana raba at ɗin rediyo da na amfilifaya. Sai dai ƙananan nan sukan cinye ƙasan bes ɗin. Akwai kuma mai shan wuta, wanda wasunsu ke jin bolt 6 ɗin nan da Injiniya ya ambata su kunna amfilifaya da kansu, ba sai an jawo waya daga gaba ba. Kuma rediyoyin kamfani da yawa suna rage bes idan an ƙara murya don kare sifikunsu, wasu masu wutar suna da abin maido da shi. Ni da ni ne, mai wutar zan nema. Sannan a tabbatar motar ba ta da amfilifayar kamfani a ɓoye, domin in akwai lissafin ya canza. Kuma na fi son a ɗauko daga bayan rediyo, a layin gaba.

Injiniya:
Wannan karatun littafi ne. Mutum yana fama da rediyon da ke shirin ƙonewa kana tura shi neman abin da sai ya zaga kasuwa bai samu ba. Na sa ƙaramin hai-lo a EOD ba adadi, ba wanda ya dawo min. Kuma me zai kai shi bayan rediyo? Ya ce ba ya son a taɓa dashbod. Sifikun baya 6x9 suna nan rataye a saman but, buɗe murfi kawai ka ɗaga kai ga wayoyinsu. Taku biyu zuwa amfilifaya. RCA gajeriya, kuka kaɗan.

Abin lura biyu ne. A ɗauki hagu da dama duka, kuma kar a juya wayoyin. Idan aka juya fozitif da nagetif a gefe ɗaya, bes ɗin hagu zai cinye na dama, wufa tana motsi kaɗan ba ƙarfi, sai ka ce an cuce ka a kasuwa. Kar kuma ya bi kalar wayar rediyon kasuwa, kore na baya hagu, shunayya na baya dama, wannan ba ya aiki a wayar kamfani. A zare soket ɗin sifikar, a taɓa mata ƙaramin batirin rimot mai bolt 1.5, in takardar sifikar ta turo gaba to wadda ke kan fozitif ɗin batir ita ce fozitif. Na biyu, idan ya mai da sauti gaba da FADER, maɓallin da ke raba sauti tsakanin sifikun gaba da na baya, wufa za ta yi shiru, kar ya zo ya ce ta lalace.

Ɗalibin Lantarki:
Wannan FADER ɗin shi ne dalilina na cewa layin gaba, Oga. Kuma ga shi ya ce baya ta hagu tana kakkarewa, in wannan layin ya riga ya taɓu me za a ɗauka a kai? Gwajin batir kuma a yi shi a kan sifika kawai. Duk soket mai ruwan ɗorawa a mota na jakar iska ne, kar a kusance shi.

Injiniya:
Wa ya ce a taɓa soket mai ruwan ɗorawa a cikin but? A cire haɗin a saurara tukuna. In sifikar ta washe, layin lafiya yake. In ba ta washe ba a musanya ta da ta dama a gani, ko sifikar ce ta yage ko aisi ne. Haka ake aiki, ɗaya bayan ɗaya.

Direban Gwarzo:
Kun tuna min. Ni tawa an rubuta 3000W a jiki da manyan baƙi, fis ɗinta 30A guda ɗaya. Wani ya lissafa min, 30 sau 14 bai wuce 420 ba, kuma ba duka ke zama sauti ba. Kuɗin da na biya kuwa na mai 3000W ne. Mai EOD fis ɗin taka nawa ne? Hoton dai.

Injiniya:
Wani abu kuma. Kafin yaron ko wani ya sa hannu, a cire kan batir na nagetif. Sannan in an gama, maɓallin GAIN da ke jikin amfilifaya ba na ƙara murya ba ne, na daidaita ƙarfin siginar da ke shigowa ne. A mai da shi ƙasa, a kai muryar rediyo kamar kashi uku cikin huɗu, a ɗaga GAIN ɗin a hankali har sauti ya fara fashewa, a dawo baya kaɗan.

Mai EOD, Hotoro:
To a nan fa akwai matsala. Idan aka cire batir rediyon zai rubuta CODE. Ya taɓa yi min lokacin da na canza batir, yaya ne ya karanto min lambar ta waya, ban rubuta ba. Yau ma Allah ne ya rufa asiri bai nema ba. In na kira shi yanzu sai ya tambayi dalili.

Ɗan Kurna:
Ka ga abin da nake faɗa. Allo ba ya tambayar kowa lamba.

Mai Golf 3:
Lamba biyar ce, duba cikin aljihun dashbod ko littafin motar, wani lokaci akwai 'yar takarda a manne. Amma ni ban gane ba, tsoron tambayar yayanka ya fi tsoron wuta?

Maman Biyu:
Kira shi kawai ka faɗa masa gaskiya. Ɗan'uwanka ne. Ya ji daga bakinka ya fi ya zo ya gani.

Mai EOD, Hotoro:
Ba ku san shi ba ne, Hajiya. Na duba aljihun babu takarda. Na yi magana da yaron yanzu, ya ce zai iya yi ba tare da an cire batir ba, fis kawai zai zare. Ya kuma ce akwai wani farin soket a gefen amfilifayar amma babu wayarsa a kwali, ko mai shago ya cire ko a gida ta faɗi. Ba zan iya kai wa wani aikin ba, surukuta ce a tsakani, mahaifiyarsu za ta ji babu daɗi. Hai-lo ɗin kuma sai albashi ya shigo.

Ban cire wayar ba tukuna don dare ya yi. Idan na bar murya a ƙasa sosai, ba za ta kai ni Zariya ranar Litinin ba?

Injiniya:
A'a. Na gaya maka tun farko.

Ɗalibin Lantarki:
Farin soket ɗin rami nawa ne, huɗu ko biyar? Me aka rubuta a ƙasansa? In shi ne, ana samun kan wayar a wurin masu gyaran rediyo.

Direban Gwarzo:
Injiniya don Allah ni ma tawa idan na kashe mota sai wufa ta yi wani dum mai ƙarfi, hai-lo ne ko REM?

Mai EOD, Hotoro:
Zan duba ramukan da safe in sha Allahu. Amma ko a ƙasa sosai ɗin, kamar 5 ko 6, shi ma ba zai yiwu ba?